Akuyar Gwauruwa da Masu Cinikin Albarka

Taron farkawa na kwana uku aka yi a ikilisiyar ƙauyenmu bayan an gama girbi. An gayyato wani baƙo daga birni, ya zo da motoci biyu, da tafinta, da mai piyano, da lasifikokin da ke girgiza kwanon rufi. Daren farko wa'azi ya yi, ba laifi. Dare na biyu ya kira masu ciwo gaba. A dare na uku ne aka fito da ambulan na saka kuɗi. Ya ce Ubangiji ya nuna masa mutum goma sha biyu a taron da za a karya musu la'anar talaucin gidan ubansu kafin Ista, amma sai sun shuka irin da zai yi musu zafi. Aka fara daga dubu hamsin, aka sauko ashirin, aka sauko goma, mai piyano yana kaɗawa a hankali, wani yaro yana zagayawa da na'urar POS. Wanda ba shi da kuɗi a jiki aka ce ya rubuta sunansa ya cika kafin Lahadi, aka kuma tuna wa kowa abin da ya sami Hananiya da Safiratu, waɗanda suka faɗi suka mutu bayan sun yi ƙarya a kan kuɗin da suka kawo wa manzanni.

Wata uwa tamu, gwauruwa mai riƙon jikoki uku, ta sa an rubuta mata suna. Ranar kasuwa ta ja akuyarta ɗaya tilo, da cikinta, ta sayar.

Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, Baba Fasto ya ɗaga sandarsa ya nemi izini. Ya daɗe da yin ritaya, ba ya ma cika magana a sujada. Ya ce, “'Ya'yana, na yi shekara arba'in ina karanta littafin nan, ban ga inda Allah ya sa wa albarkarsa farashi ba. Abin da aka koya muku ranar Juma'a ba bishara ba ce.” Ya koma ya zauna. Kafin yamma zauren WhatsApp na matasa ya kama da wuta. Wannan ya ce an taɓa shafaffen Allah. Wancan ya ce hassada ce irin ta tsofaffi. Wani kuma ya rubuta cewa mutumin da ya yi shekara arba'in a mumbari ko keke bai ajiye ba, me ya sani game da albarka? Kwana biyu bayan haka dattawa suka je gidansa, ba don su gode masa ba, sai don su roƙe shi ya sassauta harshe saboda zaman lafiyar ikilisiya.

Wannan tafiya ta dattawa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Masu ambulan dai duk mai waya ya san su, sun cika Facebook da TikTok, yanzu ma sun iya abin da Hausa. Abin da ban yi zaton zan gani ba shi ne ranar da gargaɗi zai zama laifi a ikilisiyar da aka yi mini baftisma, kuma a kayar da mai gargaɗin da hujjar talaucinsa. A maganar keken nan koyarwar ta fito tsirara: mai kuɗi shi Allah yake tare da shi, marar kuɗi ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ayar da suka mayar garkuwa ita ce Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna, kada ku cuci annabawana. Duk wanda ya fara karanta zaburar daga aya ta farko zai ga labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake bayarwa, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Sarakuna Allah ya tsawata wa kada su cuce su. Aya ce da ke kare marar ƙarfi daga mai ƙarfi. Yau an kife ta, mai jerin motoci da 'yan sanda a bayansa shi yake riƙe da ita yana kare kansa daga tambayar gwauruwa. Dawuda da ake yawan kawo misalinsa, takobi ya ƙi sa wa Saul, amma bakinsa bai mutu ba. Da ya fito daga kogo ya ɗaga murya ya gaya wa sarki cewa farautar ransa yake yi ba da laifi ba. Shi kansa Dawuda an zuba masa mai a ka, duk da haka Natan ya shiga fada ya ce masa kai ne mutumin. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, a gaban jama'a. A wasiƙarsa ta fari, sura ta 2, Yahaya ya gaya wa masu bi baki ɗaya cewa an shafe su, kuma ya faɗi haka ne daidai inda yake faɗakar da su a kan masu ruɗi. Ashe uwar nan da ta sayar da akuyarta ita ma shafaffiya ce. To wa ya taɓa wa?

Garkuwa ta biyu ita ce kada ku yi shari'a. Matiyu 7:1 ke nan. Aya goma sha huɗu kawai za ka sauka ka tarar da Yesu, a cikin wa'azin nan ɗaya, yana cewa a yi hankali da annabawan ƙarya masu zuwa da fatar tumaki, kuma ta 'ya'yansu za a gane su. Ta yaya za a gane 'ya'yan itace idan an hana dubawa? An yaba wa mutanen Biriya domin kullum suna bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa, ba wani baƙo mai ambulan ba. Da yake ban kwana da dattawan Afisa ya ce shekara uku ya yi dare da rana yana musu gargaɗi da hawaye, ya ce kyarketai za su shigo, wasu ma daga cikinsu za su taso. A jawabin nan ne ya nuna musu hannuwansa ya ce su suka ciyar da shi, bai yi ƙyashin azurfa ko zinariya ko tufar kowa ba. Ikilisiyar farko ta ɗauki maganar da gaske. A tsohuwar takardar koyarwarta da ake kira Didake an rubuta cewa manzon da ya sauka a gari ya kai kwana uku, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Da wannan ma'auni, namu baƙon ya faɗi ta fuska biyu.

Ikilisiya ba ta taɓa rayuwa ba tare da masu cewa a'a ba. A shekara ta 325 bishop-bishop sun taru a Nikiya domin su ce wa koyarwar Ariyus a'a. A 1517 Martin Luther ya tashi a Wittenberg saboda wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo da akwati yana sayar wa talakawan Jamus takardun gafara. Cocin Katolika da kanta ta soke wannan ciniki a 1567. Mu da muke alfahari da gyaran Luther, shekara ɗari biyar bayansa mun buɗe wa akwatin Tetzel ƙofa, mun shimfiɗa masa tabarma, mun ba shi makirfo.

Koyarwar shuka iri ba daga Urushalima ta zo ba. Daga Amurka ta taso, bayan yaƙin duniya na biyu. Oral Roberts na Tulsa a jihar Oklahoma shi ya yaɗa maganar irin bangaskiya ta rediyo da talabijin, Kenneth Hagin kuma ya koyar da cewa abin da bakinka ya furta da bangaskiya shi za ka samu. Benson Idahosa na Benin ya ba ta gindin zama a Najeriya. Ruwa ba ya tsami banza: ta yi ƙarfi ne a shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya naira, albashi ya zama ba ya kai wata. Yanzu ma ga shi, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mudun abinci ya gagari mai iyali, kuma tun kafin nan hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne suke cikin talauci ta fuskoki da dama. Mai yunwa ba ya tambayar inda aka samo tuwo. Ban ga laifin gwauruwa ba. Alkawarin da ya sa mutane suka zuba kuɗinsu a tsare-tsaren damfara na MMM a 2016 da CBEX a 2025 shi aka yi mata, sai dai wannan karon an sa hannu da sunan Allah, kuma ba hukumar da za ta kai wa ƙara.

Ku duba yadda ake yanka ayoyin, kamar mahauci yana fitar da tsoka ya jefar da ƙashi. A misalin mai shuka, Yesu da bakinsa ya fassara: irin shi ne maganar Allah, Luka 8:11. Ba naira ba ce. Inda Bulus ya ce mai shuka da yawa zai girbe da yawa, a 2 Korantiyawa 9, gudummawa yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, kuma a sura ta 8 ya faɗi manufarsa ƙarara, ba a sauƙaƙa wa waɗansu a nawaita wa waɗansu ba, a samu daidaito. Kuɗin daga masu shi yake gangarawa zuwa marasa shi. A taronmu hawa ya yi, daga garken gwauruwa zuwa but ɗin mota. Ribi ɗari da ake ta shela, wanda ya sa mace take lissafin dubu goma za ta zama miliyan ɗaya, daga Markus 10:30 aka ɗauko shi. Ku buɗe ku gani. Bayan gidaje da 'yan'uwa da gonaki, Yesu ya ƙara da cewa tare da tsanani. Ban taɓa jin mai ambulan ya karanta ayar ya kai nan ba.

Haka batun zakka, wato ɗaya bisa goma. Kowane yaro a ikilisiya ya haddace Malakai 3:10, ku kawo dukan zakka cikin ɗakin ajiya. Aya ta 5 a wannan sura fa? A can Allah ya ce zai zama mai shaida a kan masu danne hakkin ɗan ƙodago da masu zaluntar gwauraye da marayu. A Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29 an umarta cewa kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Bisa ga dokar da suke kafa hujja da ita, uwar nan mai ci ce daga rumbun, ba mai cika shi ba. Idan kuma aka ce ai Yesu ya yaba wa gwauruwar da ta zuba anini biyu, sai a ɗaga ido ayoyi kaɗan sama, Markus 12:40, inda ya ambaci malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don ganin ido, ya ce hukuncinsu zai fi tsanani. Ya yaba wa zuciyarta. Waɗanda suka tsotse ta bai yaba musu ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba game da mai son sayen baiwar Allah. Saminu na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai. Na'aman ya warke daga kuturta ya kawo kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Gehazi ya bi shi a guje ya karɓa, ya dawo da kuturtar a jikinsa. Kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar, haka Yesu ya sallami almajiransa.

Daga sayar da albarka zuwa sayar da kwalba taki ɗaya ne. Man shafewa a kwalba, ruwan mu'ujiza a gora, hankici, sitika mai hoton Dadi, wato mai majami'ar, da ake mannawa a ƙofa don maganin ɓarawo. Abin ya kai a watan Satumban 2024 hukumar NAFDAC ta fito ta gargaɗi jama'a a kan ruwa da sabulun mu'ujiza na wata majami'a a jihar Delta, ta ce ba ta yi musu rajista ba. Hukumar abinci da magunguna ce take yin aikin da dattawan ikilisiya suka ƙi yi. Kakanninmu da suka karɓi bishara sun tara kayan tsafinsu a bainar jama'a sun cinna musu wuta, wasu an kore su daga gida saboda haka. Jikokinsu suna layi suna sayen abin da suka ƙone, an sake masa mazubi kawai. Tunanin ɗaya ne da na gidan boka: ka biya, a haɗa maka, ikon ya yi maka aiki ko ka tuba ko ba ka tuba ba. Byang Kato, ɗan Kwoi da ya riƙe sakataren ikilisiyar ECWA kafin ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya ƙare ɗan gajeren ransa yana gargaɗi a kan gauraya bishara da abin da ba ita ba, har ya rasu a gaɓar teku kusa da Mombasa a Disamban 1975 yana da shekara 39. Saboda haka kada wani ya ce mini gargaɗi a kan karkatacciyar koyarwa al'adar Turawa ce. Namu ne, daga kudancin Kaduna.

Akuya dai ana iya sayen wata. Ɓarnar da ta fi ci mini rai a zuci take faruwa. Idan iri ba ya taɓa ƙin tsirowa, kamar yadda aka rantse wa mutane, to ranar da Ista ta zo ba abin da ya canza, laifin wa? Baƙo ya riga ya tafi wani gari. Laifin sai ya koma kan mai shukar: bangaskiyarta ce ta gaza, ko tana ɓoye zunubi, ko wata tsohuwa a dangi ce ta ɗaure ta. Ta nan ake fara nuna wa kaka yatsa, gida ya rabu biyu. Mace ta shiga majami'a da talauci, ta fito da talauci da kunya da zargin kanta. Wannan shi ne tauhidin abokan Ayuba, cewa wahala shaida ce ta laifi, kuma a ƙarshen littafin Allah ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Almajirai sun ga makaho suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya ce ba shi ba, ba su ba.

Ina so mai wannan koyarwa ya ɗauki lasifikarsa ya je Michika ya yi ta. Ya tsaya a gaban iyalin Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, wanda 'yan ta'adda suka kama a farkon Janairun 2020 suka kashe a cikin watan, mutumin da ya dubi kyamararsu ya ce bai karaya ba domin komai yana hannun Allah. Ya gaya musu wane iri ne Andimi ya ƙi shukawa. Ya je ya sami mahaifiyar Leah Sharibu, yarinyar da aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018 tana da shekara 14, aka sako 'yan'uwanta aka riƙe ta domin ta ƙi barin bangaskiyarta, ya bayyana mata cewa mai bangaskiya ta gaske ba ya shan wahala. Ya je Chibok. Ya je wurin matan da suka binne mazajensu a Bokkos da Barikin Ladi bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023. Ba zai je ba. Koyarwarsa ba ta da abin faɗa a gidan makoki, kuma a ƙasar nan gidajen makoki sun yi yawa, na Kirista da na Musulmi. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, ta kuma jera waɗanda aka kashe da takobi, aka jejjefe, suka yi yawo da fatun awaki suna fama da rashi, ta ce duniya ba ta cancance su ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Da ma'aunin yaron da ya yi maganar keke, Bulus ma bai san albarka ba, balle Yesu da ya ce ba shi da wurin da zai sa kansa. Shi ya sa na ce Baba Fasto bai wuce gona da iri ba. Wannan ba ƙaramin kuskuren fassara ba ne da za a yi haƙuri da shi. Bisharar da aka zare wa gicciye wata bishara ce dabam, kuma Galatiyawa 1:8 ta faɗi abin da ya dace da mai kawo ta, ko da mala'ika ne.

Abin takaici, masu kayan da kansu sun fara janyewa. A Satumban 2019 Benny Hinn ya ce ya daina neman mutane su ba da dala dubu a matsayin iri, ya ce sa wa bishara farashi ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai ne. A 2022 Creflo Dollar ya ce abin da ya koyar shekara da shekaru a kan zakka ba daidai ba ne. A Oktoban 2024 Fasto Enoch Adeboye na RCCG ya tsaya gaban matasan cocinsa ya nemi gafara a kan cewar da ya yi wanda ba ya ba da zakka ba zai shiga sama ba, ya ce wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Na girmama shi a kan haka, ko da yake ya ci gaba da cewa kashi goma na masu farawa ne. Amma waɗanda suka faɗi wannan gaskiyar shekaru kafin shi, an kira su 'ya'yan Shaiɗan, ba kuma wanda ya koma ya ba su haƙuri. Yanzu manyan sun ajiye kayan, ƙananan dillalai sun kwashe ragowar sun nufo ƙauyukanmu da ita, kamar maganin da wa'adinsa ya ƙare.

Za a ce ai akwai masu ba da shaida. Mutum dubu suka shuka, biyu suka dace aka ba su makirfo, sauran ɗari tara da casa'in da takwas ba wanda ya kira su gaba. Za a ce sun gina jami'o'i, to ɗan gwauruwar da ta ba da akuya ya je ya biya kuɗin zango ɗaya mu gani. Masu kiran gwamnati ta sa wa majami'u linzami kuwa, wanda bai iya tsare ƙauye da dare ba ba shi zan ba ajiyar mumbari ba. Masu cewa a bar wa Allah su tuna da dajin Shakahola a Kenya, inda tun Afrilun 2023 aka tono gawa fiye da 400, da yawansu yara, na mabiyan Paul Mackenzie da aka koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Koyarwarsa ba ta wadata ba ce, amma saiwar ɗaya ce: mutum guda da ba a yi masa tambaya.

Sai dai bango ne ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga, kuma bangon namu ne. Mu tsofaffin ikilisiyoyi mun iya fitar da sanarwar bayan taro da Turanci muna tir da annabawan ƙarya, amma ku zo lancin ginin majami'a ku gani. Ɗan siyasa a kujerar gaba, ana shelar sunansa da adadin kuɗinsa ta lasifika, ana tafi, manomin da ya kawo kwanon dawa yana tsaye a bakin taga. Yakubu ya kwatanta wannan zama sak a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya kira shi zunubi. Wanda ya saba ganin haka kowace shekara, me zai ba shi mamaki idan baƙo ya ce dubu hamsin ta fi dubu goma kusa da kunnen Allah? Matashin fastonmu da ya gayyato baƙon ba mugu ba ne. Wata da watanni yana bin albashi, ga kason da ake jira ya aika hedkwata, ga rufin da ke yoyo, aka ce masa za a raba abin da aka samu. Mu muka tura shi. Ajin baftisma da a da ake daɗewa ana yi an gajarta shi, makarantar Lahadi ta manya ta mutu a wurare da yawa, wa'azi ya koma ihu da amin. Tun a 2008 da 2009 masanan tauhidi na Afirka suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne suka bayyana koyarwar wadata a matsayin ƙarya mai karkatar da Littafi Mai Tsarki, babban taron Cape Town na 2010 ya sake jaddadawa. Ni ban taɓa jin an bayyana wa jama'a wannan da Hausa a kan mumbari ba.

Ba haka aka kafa mu ba. Cikin samari uku masu bishara da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa cikin ƙasar nan, Gowans da Kent sun mutu a shekarar da ta biyo, Bingham kaɗai ya rage. Masu bisharar farko daga cikinmu noma suke yi da safe su koyar da yamma. Abin da aka gina a Vom da Garkida da Galmi asibitoci ne, inda ake wanke gyambon marar ko kwabo. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, manya masu furfura suka zauna a ƙasa suna koyon a, ba, ca, domin su karanta da idonsu kada wani ya karanta musu. Yau littafin yana cikin wayar kowane matashi, kuma yaron da ya zagi Baba Fasto bai buɗe Zabura 105 ba kafin ya aika da ayarta.

Ba na neman abu mai wuya. Dattawa su san wanda za su ba mumbari, su tambaye shi tun a ƙofa ko zai kira kuɗi. A biya fastocin ƙauye hakkinsu don kada yunwa ta sa su haya da garken. A dawo da karatun sura sukutum, ba yankin aya ba. Makarantunmu na tauhidi a Bukuru da Jos da Kagoro su fitar da wannan bayani da harshen da matan zumunta suke ji. Idan kuma tsoho ya tashi ya yi gargaɗi, a buɗe littafi a gwada maganarsa kafin a ƙirga abin da ya mallaka.

Bayan Ista na je gaishe da uwar nan. Igiyar akuyar tana nan ɗaure a turke. Na ce, “Mama, me ya hana ki tambayi wani kafin ki sayar?” Ta ce, “Ɗana, ya ce Allah ne ya ce. Ni wace ce da zan yi musu?” Sai ta sunkuyar da kai ta tambaye ni, a hankali don kada jikokin su ji, ko ina ganin akwai wani zunubi nata da ya hana irin tsirowa. Na buɗe mata Maimaitawar Shari'a 14 na karanta mata sau biyu. Matan zumunta sun fara haɗa kuɗi su saya mata 'yar akuya. Dattawa har yau ba su koma gidan Baba Fasto ba, kuma na ji an fara maganar sake gayyato baƙon bayan girbin bana. Ranar da za su zauna a kai zan je, zan kuma roƙi Baba ya bar ni in riƙe masa hannu zuwa wurin.